Ƙafar bayan kekena tana wasa tana gurnani: boris ne ko hob ɗin ne ya mutu?

Ɗan Gwallameji ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Keke ne ya ishe ni, na ce bari in kawo kuka inda ake share hawaye.

Irin na hawan dutse ne, ɗan gwanjo, mai taya mai ƙaya, giya 8 a baya, birkin faifai. Shekara biyu ke nan ina hawansa daga Gwallameji zuwa shagon da nake aiki a wajen Wunti, a nan Bauchi. Ranar Lahadi kuma sai in miƙe hanyar Dass, in na wuce Bayara in sauka daga kwalta in bi hanyoyin gonaki da gindin duwatsu. A watan Agusta da ruwa ya yi yawa, na riƙa kutsawa cikin rafi har ruwa ya shanye tsakiyar ƙafa. Daga nan ƙafar baya ta fara wani gurnani, kamar ana niƙa a maƙwabta. In na kama tayar na girgiza ta hagu da dama sai in ji ƙwas-ƙwas, tana wasa.

Na kai wa wani mai gyara a unguwarmu. Ya cire ƙafar, ya sa filaya ya ɗaure notin tamau, ya ɗiga baƙin mai, ya ce an gama. Wasan dai ya tafi. Amma bayan kwana uku keken ya yi nauyi kamar na ɗauko buhun masara, gurnanin kuma ya ninka. Yanzu in na ɗaga shi na juya ƙafar da hannu, ko zagaye biyu ba ta cikawa take tsayawa.

A jikin hob ɗin baya, wato cibiyar ƙafar da sifok suke kamawa, an rubuta Shimano, sauran rubutun ya goge. Ƙafar gaba ba ta asali ba ce, wanda ya sayar min ya canza ta. Ita ba ta ƙara, amma in na cire ta na juya shaf ɗin, wato ƙarfen da ya ratsa tsakiyar hob, da yatsu ina jin kamar akwai yashi a ciki. Don Allah zan iya canza boris ɗin da kaina? Wane iri zan saya, kuma guda nawa?

Baba Mai Keke ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ne ke rubuta min, ni da wayar nan sai kira. Tun ana yayin Raleigh da Phoenix nake wannan sana'a, kuma abin da wancan ya yi maka shi ne laifin da na fi dukan yara a kansa. Ƙafa tana wasa, sai a ɗaure ta har ta daina numfashi. Wasan ya ɓuya, ƙarfe kuma ya koma cin ƙarfe.

Ka daina hawa tukuna. Hob ɗin Shimano irin naka na 'ya'yan boris ne, waɗanda ake zubawa ɗaya-ɗaya. Abu uku ne a ciki: kwano, wanda yake manne a jikin hob, sai 'ya'yan, sai kon, wato notin nan mai wuya a karkace da yake danne su. 'Ya'ya da kon ana saye a canza. Kwano kuwa in ya lalace, magana ta zama babba, shi ya sa na ce ka sauka daga kai.

Ka nemi safana siririya lamba 15, wadda za ta shiga wuyan kon, da ta 17 ta kama notin waje. Safanar mota ta yi kauri, ba za ta shiga ba. In ba ka samu siririyar ba, ka sayi mai araha ka kai wa mai walda ya goge maka gefenta har ta yi lafe-lafe. Tawa haka na yi ta, tana nan har yau. Haƙoran giya ma sai an cire su kafin ka ga ɓangaren dama da kyau, wannan kuwa da maɓallinsa na musamman, ka kai wa mai gyaran da yake da shi ya kwance maka kawai ka dawo gida.

Ka shimfiɗa tsohon zani ko tire a ƙasa, don 'ya'yan boris in suka faɗa cikin yashi sai dai ka yi musu addu'a. Ta hagu za ka kwance, ɓangaren da babu sarƙa. Kada ka taɓa kon da notin dama, ka bar su a ɗaure a kan shaf, su ne za su mayar maka da shaf ɗin daidai inda yake. Duk abin da ka zare ka jera shi yadda ya fito: noti, washa, zoben tazara, kon. Sai ka zare shaf ta dama, ka kwashe 'ya'yan ka ƙirga. A baya 9 ne kowane gefe, masu girman kwatan inci. A gaba, in irin wannan hob ɗin ne, 10 ne kowane gefe, ƙanana, 3/16. Kada ka ga ɗan gurbi ya rage ka cusa na goma a baya. Gurbin nan da gangan aka bar shi.

Ka wanke komai da kananzir, ka goge ya bushe. Sannan ka ɗauki biro ka bi layin nan mai sheƙi da 'ya'yan suka yi a wuyan kon da cikin kwano. In bakin biron ya yi tuntuɓe, akwai rami ke nan, ko ido bai gani ba. Kon mai rami ka jefar, ka ɗauki tsohon a aljihu ka je kasuwa a gwada maka, don ba duka ne bakinsu ɗaya ba. 'Ya'yan kuwa duka 18 za ka canza, kada ka haɗa tsoho da sabo, sabon ne zai ɗauki nauyin shi kaɗai.

Giris za ka cika kwanon da shi, mai kauri, ka dasa 'ya'yan a ciki su tsaya da kansu. Baƙin mai ba abin hob ba ne, kafin ka kai Yelwa ya tsiyaye, ya bar maka ƙura.

Ɗaurin shi ne aikin. Ka murza kon da yatsu har ya taɓa 'ya'yan, ka dawo da shi baya kaɗan, ka riƙe shi da safana 15, ka ɗaure notin waje a kansa. In ƙafarka mai ɗan hannun nan ce da ake lanƙwasawa a cire ba tare da safana ba, ka bar wasa ɗan mitsitsi, wanda da kyar yatsa zai ji, domin in ka rufe hannun yana matse shaf ɗin, wasan ya ɓace. In ka ɗaure ba wasa tun a hannu, to a jikin keke ya yi tsauri. Za ka kwance ka sake sau huɗu ko biyar kafin ka dace. Ni ma har gobe ba na dacewa a karon farko.

Abban Fadaman Mada ya amsa:

Baba ya gama magana a kan ta baya, Allah ya ƙara girma. Ni ta gaban zan taɓa, don na sha wahalarta a nawa. Ɗan'uwa, ka leƙa gefen hob ɗin. In ba ka ga wurin kama kon da safana ba, sai murfi, kuma da ka zare murfin ka ga zoben roba baƙi ko ja ko shuɗi, to rufaffen boris ne, irin wanda ake cirewa ɗungurungum a sa sabo. Lambarsa tana rubuce a kan robar. Da ita za ka je kasuwa, ba da sunan keke ba.

A nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Nawa 6902 ne: ramin ciki milimita 15, faɗin waje 28, kauri 7. Na je wurin masu kayan babur, wani ya miƙo min 6202 ya rantse duk ɗaya ne. Ramin ciki kam 15 ne, amma wajensa 35, kaurinsa 11, ko da guduma ba zai shiga ba. In ka ga an rubuta 61902, shi ne 6902 ɗin, sunan ne biyu. Wasu hob ɗin 6000 ko 6001 suke ci, waɗannan sun fi sauƙin samu. Ka duba ƙarshen lambar ka ɗauki mai 2RS, wato roba gefe biyu. Mai ZZ murfin ƙarfe gare shi, ruwa da ƙurar hunturu suna ratsa shi.

Wurin cirewa, ka zura ƙarfe ta ɗaya gefen ka riƙa bugawa a hankali kana zagayawa, kada ya fito a karkace ya ci gidansa, don hob ɗin alminiyom ne. Wanda ka buge ya fito ya gama aiki, kada ka mayar. Wurin sa sabo kuma zoben waje kaɗai ake dannawa. Ni dogon kusa mai zare nake zurawa, in sa manyan washa, in ɗora tsohon boris a kan sabon, in riƙa ɗaure noti har ya zauna. Kuma ka cire faifan birki kafin ka fara, ko ka naɗe shi da leda. Giris ya taɓa shi, birkinka zai yi ta kuka kamar akuya kuma ba zai kama ba.

Sarkin Gudu ya amsa:

Ni dai a ganina duk wannan wahala ce. Ka sayi ƙafa ta gwanjo sukutum ka huta. Kuma ka daina kai keke wurin wankin mota, injin feshin nan tura ruwa yake har cikin hob.

Baba Mai Keke ya sake amsawa:

Maganar injin feshi gaskiya ka faɗa, yaro, bokiti da tsumma sun isa. Amma ƙafar gwanjon da zai saya, wa ya buɗe cikinta? Watakila ta fi tasa ruɓewa. Ya buɗe tasa ya gani tukuna. Ko kwanon dama ne ya yi rami, a hob ɗin Shimano yana jikin gangar da haƙoran giya suke zama a kai, ana kwance ta da alanki lamba 10 a canza ta ita kaɗai. Na hagu ne in ya tafi sai a nemi wani hob a sake saƙa sifok a kan rim ɗinsa.

Ɗan Gwallameji ya dawo:

Na gode Baba, na gode yayyena. Jiya bayan la'asar na buɗe ta a tsakar gida, a kan tiren Hajiyarmu, wanda har yanzu ba ta sani ba. Abin da ya fito ba giris ba ne, wani jan laka ne mai warin tsatsa. A hagu 'ya'ya 8 na ƙirga da rabi biyu, ɗaya ya tsage gida biyu. Kon ɗin hagu ko biro ban nema ba, ramukan kamar fuskar mai zanzana. Na dama da sauƙi, amma biron ya yi tuntuɓe wuri guda, shi ma na canza. Kwanon dama sumul yake. Na hagu akwai ɗan tabo baƙi guda biyu, biron yana wucewa da ɗan kakkarwa kaɗan.

Kon ɗin ne ya ba ni wuya, shago huɗu na shiga kafin in sami wanda bakinsa ya yi daidai, shi ma daga jikin wani mataccen hob aka ciro min. Ɗauri kuwa sau shida na kwance, Baba, kun ce huɗu ko biyar. Yanzu in na juya ƙafar tana ta zagayawa har in gaji da kallo, wasa babu, sai wani ɗan sauti siriri in na kara kunne a jikin sirdi.

Ta gaba na zare murfin, robar ja ce, 6001 2RS aka rubuta, gobe zan shiga kasuwar Muda Lawal da tsohon a aljihu. Baba, wannan tabon na kwanon hagu, in ci gaba da hawa a haka in riƙa sabunta giris, ko in fara neman hob tun yanzu?

Baba Mai Keke ya amsa:

Ka hau abinka. Ka buɗe ta ka sake giris in hunturu ya wuce, ka sake buɗewa bayan damina. In ka ga hob mai ramukan sifok daidai da naka, ka ƙirga su, 32 ne ko 36, ka saya ka ajiye. Kuma ka wanke wa Hajiya tirenta da omo kafin ta neme shi.