Na daɗe ban yi rubutu ba, ta ina zan faro?

Ruwan Alƙalami:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyar ke nan rabona da rubuta wani abu nawa na kaina. Yanzu ina son dawowa, amma da na zauna sai kai ya toshe, in yi layi biyu in goge. Ga kuma tsofaffin rubuce-rubuce da ban ƙarasa ba jibge a kwamfuta. In koma kansu ne, ko in fara sabo?

Tsohon Edita:
Wa'alaikumus salam Malam. Sabo za ka fara. Abin da ke faruwa shi ne, a shekarun nan ba ka daina karatu ba, don haka idonka ya ƙara kaifi, hannu kuwa ya yi tsatsa. Hannu na ajiye jimla sai ido ya kushe ta. Maganinsa ka raba musu rana: yau rubutu kawai, gyara sai bayan kwana biyu.

Ka sa agogo minti 25, ka nemi kalma 200 zuwa 300, kusan rabin shafi. Kada ka goge komai har agogo ya buga. Idan a Word kake, kashe jan layin nan da yake ja ƙarƙashin kalmomi, domin galibin kalmomin Hausa zai ja musu, shafi ya yi jawur kamar takardar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa. Batun kuma ya zama ƙarami, abin da ka gani da idonka yau, misali yadda makanike ke kasa kunne ga ƙarar inji kafin ya taɓa sifana. Mai cewa zai yi rubutu a kan “rayuwa” ba ya wuce sakin layi ɗaya.

Kada rubutun farko ya zama na ba da haƙuri da bayanin inda ka shiga. Yana cinye ƙarfin mutum, mai karatu kuma bai ƙaru da komai ba. In lokaci ya cika, tsaya tun da sauran magana a bakinka, ka bar layi ɗaya a ƙasa mai nuna inda za ka ɗora gobe.

Yayar Marubuta:
Ƙari a kan maganar Tsohon Edita, kada ka yi wa kanka alkawarin cewa rubutu zai zame maka jiki cikin mako uku. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar UCL ta Landan, wanda ya fito a 2009, ya nuna sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254. Tsallake rana ɗaya bai rusa komai ba. Abin da ke kashe mutane shi ne ramuwa: an rasa Talata, sai a ce Laraba za a yi ninki, a kasa, a watsar. In ka rasa rana, washegari ka yi adadinka na kullum. Ranar gyara kuma ka karanta da murya, duk inda numfashi ya ɗauke maka, jimlar ta yi tsawo.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Na yarda kada ka karanta tsofaffin yanzu, amma ceto su ba ya jira. Tun Disamba 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, har da abin da ke Drive da Gmail. Shiga yau ka sauke komai. Ajiye kwafi uku: a kwamfuta, a filashi, da ɗaya a intanet.

In ka buɗe fayil ka ga }asa, ]aya, ~arawo, kada hankalinka ya tashi. An buga shi da tsohon font ne, wato salon haruffa, da ya ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan waɗannan alamomi. Yi kwafi tukuna, sannan danna Ctrl da H, ka maye } da ƙ, ] da ɗ, ~ da ɓ. Manyansu su ne { da [ da |, wato Ƙ, Ɗ, Ɓ. Ka fara dubawa ko akwai baka-biyu ta gaske a rubutun, don ita ma za ta juye.

Ruwan Alƙalami:
Na gode ƙwarai. Wani fayil ɗin alamar tambaya nake gani a gurbin ƙ da ɗ. Shi ma haka zan yi?

Mai Gyaran Kwamfuta:
A'a Malam. Galibi an adana shi ne da tsarin ANSI, wanda bai san waɗannan haruffa ba, ya maye su duka da alamar tambaya. Wannan sai gyara da hannu, kalma bayan kalma, domin ?asa na iya zama ƙasa ko ɗasa, jimla ce za ta nuna maka. Nan gaba wurin adanawa ka zaɓi tsarin UTF-8 maimakon ANSI. A waya kuma ka ƙara Hausa a Gboard, wato allon rubutu na Google, haruffan suna ciki.