Tambaya kan sansanin Masai Mara da ke cewa yana kare muhalli kuma yana amfanar 'yan ƙabilar Masai

Maman Hanifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da maigidana mun yi kusan shekara biyu muna tanadi domin mu ziyarci gandun namun daji na Masai Mara da ke Kenya, kuma mun tsayar da watan Satumba idan Allah ya kai mu. Abin da ya hana mu biyan kuɗin masauki har yanzu shi ne zaɓi tsakanin wurare biyu. Na farko babban otal ne mai ɗakuna da yawa a cikin gandun gwamnati. Na biyu kuwa ƙaramin sansani ne mai tantuna takwas kacal, a wata ƙasa da ke maƙwabtaka da gandun, wadda aka ce mallakar 'yan ƙabilar Masai ce, kuma kuɗinsa ya kusa ninka na farkon. Masu sansanin suna cewa da hasken rana suke samun wuta, ma'aikatansu 'yan yankin ne, kuma wani kaso na abin da baƙo ya biya yana shiga hannun masu ƙasar. Shin wannan magana tana da tushe, ko kuwa daɗin bakin 'yan kasuwa ne domin a ƙara farashi? Sannan na ga an rubuta cewa sansanin ba shi da shinge ko kaɗan, abin da ya sa maigidana ya ce shi fa bai ga dalilin da zai biya kuɗi mai tsoka ya je ya kwana a bakin zaki ba. Ina neman shawarar wanda ya taɓa zuwa.

Baban Yusra

Wa alaikumus salam Hajiya. Na kwana huɗu a irin wannan sansani, kuma abu na farko da ya kamata ki gane shi ne ƙasar iri biyu ce. Gandun gwamnati, wanda aka fara keɓewa a 1961, yana da faɗin murabba'in kilomita kusan 1,510, kuma gwamnatin gundumar Narok ce ke da iko da shi. A kewayensa akwai filayen da iyalan Masai suka mallaka da takardu, waɗanda suka haɗa su wuri guda suka ba kamfanonin yawon buɗe ido haya, bisa sharaɗin ba za a yi noma ko a kafa shinge a ciki ba. Su ne zan kira gandun al'umma. Ol Kinyei ya fara a 2005, Mara North a 2009, Naboisho kuma a 2010, kuma wannan na ƙarshen ya kai eka dubu 50, masu ƙasarsa sun haura ɗari biyar. Sunan Naboisho ma a harshen Maa, wato yaren Masai, yana nufin haɗuwa wuri ɗaya.

Kuɗin hayar nan shi ne ƙashin bayan tsarin, domin ana biyan kowane mai ƙasa ne duk wata a asusunsa na banki, gwargwadon yawan ekarsa, ko tantuna sun cika ko ba su cika ba. Daga nan tsadar take tasowa, tun da an ƙayyade yawan gadajen da za a kafa, baƙi kaɗan ne ke ɗaukar nauyin hayar ƙasa mai faɗi da albashin masu sintiri. Abin da kike samu a madadin kuɗinki shi ne sarari. Da safiyar kwana na biyu mun tarar da zakanya da 'ya'yanta uku a gindin wata bishiya, motoci uku ne kawai a wurin, ta huɗu da ta iso sai ta tsaya can nesa har wata ta tashi, domin dokar wurin ke nan. Da hantsi kuma, ba da nisa da wannan wuri ba, muka ga garken shanu yana wucewa da makiyaya biyu sanye da jan mayafin da suke kira shuka, sai jagoranmu ya ce wannan ɓangaren ne aka buɗe wa kiwo a wannan watan. Ana kuma fita da dare da fitila, ana yawo a ƙasa tare da jagora, waɗanda duk an hana a gandun gwamnati.

Game da shinge, ki kwantar wa Alhaji da hankali. Da magariba ta yi ba mai fita daga tanti shi kaɗai, sai ka haska tocila ko ka yi magana ta rediyon hannu, maigadi da suke kira askari ya zo ya raka ka. Na ji gurnanin zaki da kukan kura cikin dare, kuma wata safiya na ga kashin giwa taku goma daga ƙofar tantina, amma dabba ba ta damu da tantin da aka zuge ba matuƙar ba a ajiye abinci a ciki ba. Wanka kuwa da bokitin da ake ratayewa a sama ne, ana zuba ruwan ɗumi kamar lita ashirin idan kika nema, kuma yana isa idan mutum bai tsaya waƙa ba. Wutar sola tana cajin waya da kyamara, amma ba ta ɗaukar na'urar busar da gashi.

Malama Mai Nazari

Malam Baban Yusra ya faɗi gaskiya kan yadda tsarin yake, sai dai ina ganin ya nuna fuskarsa mai kyau ne kawai. Maganar ƙasa a wurin Masai tsohon miki ce. Yarjejeniyoyin da suka yi da Turawan Birtaniya a 1904 da 1911 su suka raba su da makiyayarsu mafi kyau, ciki har da Laikipia, kuma a Tanzaniya an fitar da su daga Serengeti a 1959, sannan a 2022 an sake yin rikici a Loliondo a kan ƙasar da gwamnati ta keɓe da sunan kare namun daji. Don haka idan masauki ya ce yana da alaƙa da al'umma, tambayar da za a yi masa ita ce ƙasar ta wace ce, kuma wa ke karɓar kuɗin.

Ko a gandun al'umma na Kenya, inda hayar gaskiya ce, akwai waɗanda aka bari a baya. Lokacin da aka rarraba filayen haɗaka aka ba da takardun mallaka, sunayen magidanta maza aka fi rubutawa, saboda haka mata da matasan da ba su kai shekarun rajista ba a lokacin ba su da kaso kai tsaye. Ƙayyade kiwo kuma yana da daɗin ji a damina, amma idan fari ya zo makiyayi yana kallon ciyawa a ƙasar ubansa an ce kada shanunsa su shiga, sai rai ya ɓaci. A 2020, da annobar korona ta tsayar da zuwan baƙi, sai da aka rage kuɗin hayar, abin da ya nuna hatsarin rataya abincin iyali a kan jirgin baƙo. Duk da haka ina ganin tsarin ya fi sayar da ƙasar a kafa mata shingen waya, domin shingayen nan ne suka toshe hanyar dabbobin da a da suke ƙaura daga filayen Loita.

Abin da ya faru da ni ya sa nake jan kunne. A zuwana na farko direban wani kamfani ya kai mu wani ƙauye, ya karɓi kuɗin shiga a hannunmu tun muna cikin mota, aka yi mana rawar tsalle, aka nuna mana yadda ake kunna wuta da itace biyu, aka tura mu wajen matan da ke sayar da kayan ado na duwatsu. Da na samu wata matashiya mai jin Turanci na tambaye ta, sai ta ce abin da ke isa ƙauyen ɗan kaɗan ne daga abin da muka biya. Tun daga ranar ba na shiga ƙauye sai an ba ni rasit da sunan ƙauyen.

Ki rubuta wa sansanin, 'yar'uwa, ki tambaye su sunan gandun da suke ciki da kuɗin gandun da ake cirewa daga kowane dare, ki kuma duba ko gandun yana cikin ƙungiyar gandayen Mara da aka kafa a 2013. Ki tambayi ko akwai ɗan Masai a cikin manajoji da manyan jagorori, domin gadi da wanke-wanke kaɗai ba su isa a kira su haɗin gwiwa ba. Ƙungiyar Ecotourism Kenya tana ba masaukai shaida mai matakai uku, tagulla da azurfa da zinariya, kuma ana iya duba sunan a wurinta maimakon a dogara da tambarin da suka liƙa. Ki tambayi inda ruwan bayan gida yake tafiya da nisan tantuna daga bakin kogi, domin ambaliyar kogin Talek a farkon Mayun 2024 ta shanye masaukai da dama da aka gina dab da ruwa. Wanda ke yin abin da gaske zai amsa da lambobi, mai daɗin baki kuwa hotuna zai aiko.

Tsohon Matafiyi

Akwai abu ɗaya da ba a ambata ba, kuma ya shafi watan da kuka zaɓa. Babbar ƙaurar dabbobin nan da Suwahili ke kira nyumbu, wato wildebeest a Turance, waɗanda suka haura miliyan, tare da jakunan dawa, tana isowa Mara ne tsakanin Yuli da Oktoba, amma mashigan da suka yi suna, inda suke tsallake kogin Mara kadoji na jiransu, suna cikin gandun gwamnati. Wanda ya sauka a gandun al'umma sai ya ware yini guda ya shiga can, kuma tun 2024 kuɗin shigar baƙon waje dala 200 ne a rana daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 daga Janairu zuwa Yuni. A tambayi sansanin ko wannan yana cikin farashinsu, domin sau da yawa ba ya ciki. Tsallakewar ma ba ta da alƙawari, ana iya zama awa huɗu a bakin kogi cikin motoci barkatai dabbobin su fasa.

Ƙananan jirage suna tashi daga filin Wilson a Nairobi, tafiyar ba ta cika wuce awa guda ba idan ba a yi ta sauka a hanya ba, kuma kaya kilo 15 ne a jaka mai laushi. Ta mota awa biyar zuwa shida ne ta garin Narok. Kenya ta haramta jakar leda tun 2017, ta kuma hana robobin da ake amfani da su sau ɗaya a gandayenta tun Yunin 2020, saboda haka a riƙe gorar ruwa ta ƙarfe. Wurin tudu ne, asuba akwai sanyi sosai, a zo da rigar sanyi mai kauri, a kuma ga likita kan maganin zazzaɓin cizon sauro kafin tafiya.

Maman Hanifa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na aika musu da tambayoyin Malama jiya da dare, yau da safe suka amso da sunan gandun da adadin kuɗin da ake cirewa kowane dare, suka ce babban jagoransu da mataimakiyar manaja 'yan yankin ne, amma sun yi shiru kan maganar ruwan bayan gida, don haka na sake tambaya. Mun yanke shawarar kwana uku a can, da yini ɗaya a gandun gwamnati. Saura abu ɗaya: idan mun je ƙauye, ya halatta mu ɗauki hoto, kuma me ya dace mu riƙe wa yara?

Malama Mai Nazari

A nemi izinin kowane mutum kafin a ɗaga kyamara, musamman dattawa da yara, kuma kada a ɗauki makiyayi da shanunsa daga cikin mota ba tare da jagora ya yi masa magana ba. Gaisuwar sopa da godiyar ashe a harshen Maa suna buɗe fuska sosai. Alewa da kuɗi a hannun yara kuwa ba na ba da shawara, domin suna koya musu tare motoci a hanya maimakon zuwa aji. Ki tambayi sansanin abin da makarantar ƙauyen take buƙata a ba shugaban makarantar, kayan adon kuma ki saya a hannun matar da ta yi su, ki miƙa mata kuɗin da kanki.