Rajistar masu gidajen haya a Ingila, wa ya fahimci abin?

Ɗan Fagge a Leeds:
Salam 'yan uwa, don Allah wannan dokar 'yan haya da aka sa wa hannu a Oktoban 2025, da gaske ne duk mai ba da haya sai ya yi rajista a shafin gwamnati? Gidan da muke ciki bangon ɗakin yara ya yi baƙi da danshi, mai gidan ko waya ba ya ɗagawa, ejan kawai muke gani.

Maman Biyu:
Gaskiya ne ƙanina, shi da gidan duka za a shigar, wanda ya ƙi kansila, wato ƙaramar hukumar yankinku, za ta iya cin tararsa. Kuma dokar ta soke sashe na 21, wanda ake korar mutum ba tare da dalili ba, ni wannan ya fi min daɗi wallahi don mun sha fama.

Bakatsine a Glasgow:
Mu nan Sukotland tun 2006 ake yi, adireshin gida kake sawa ka ga ko mai gidan ya yi rajista kafin ka ba da kuɗinka.

Ɗan Fagge a Leeds:
Na gode Yaya. To danshin fa?

Maman Biyu:
Ɗauki hotuna yau, ka rubuta wa kansila, su ke da ikon zuwa duba gidan.