Neman kalmar Hausa: me za mu kira "junior" a tarihin Oshawa Generals?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai. Ana son rubuta tarihin ƙungiyar Oshawa Generals ta lardin Ontariyo a Kanada da Hausa, amma jimlar farko ta hana aikin motsi. Turanci ya kira ta "junior ice hockey team". An kafa ta a 1937, ta ɗauki Kofin Memorial, kofin zakarun wannan mataki a Kanada, sau 5: a 1939, 1940, 1944, 1990 da 2015. Abin da aka fara rubutawa shi ne "ƙaramar ƙungiyar wasan ƙanƙara ta yara". Kunnena bai amince da shi ba. A taimaka da kalmar da za ta zauna daram.

Mai sharhin wasanni:
Wa alaikumus salam. Kunnenka ya yi gaskiya, Malam. Kalmomi biyu ne suka ɓata jimlar: "ƙarama" da "yara".

'Yan wasan wannan mataki masu shekara 16 zuwa 20 ne. Suna buga wasa 68 a kakar gasa kafin a shiga zagayen fitar da gwani, ana sayen tikiti a cika ɗaki da dubban mutane, ana nuna su a talabijin, kuma daga cikinsu babbar gasar manya ta NHL ke ɗibar da yawa daga 'yan wasanta. Ba a kiran waɗannan yara. Banda haka, akwai matakin yara na ainihi a ƙasa da su, wanda Turanci ke ce wa "minor hockey". In muka kashe kalmar "yara" a nan, da me za mu kira wancan idan tarihi ya zo kan inda ɗan wasa ya fito?

"Ƙarama" kuma tana sa mai karatu ya ɗauka ƙungiyar rukuni na biyu ce da ke fafutukar haurowa sama. Babu hawa ko faɗuwa tsakanin gasar OHL ta Ontariyo, inda Generals ke bugawa, da NHL. Generals ko ta ci kofi shekara 10 a jere ba za ta koma NHL ba. 'Yan wasanta ne ke tafiya, ita tana nan. Shekaru ne suka raba su da manya.

Malamar harshe:
To kafin a yi nisa, a gyara sunan wasan, don "wasan ƙanƙara" ya yi faɗi. Zamiya ma wasan ƙanƙara ce, tseren zamiya ma haka. Muna da "ƙwallon gora" a aljihu, sai a ce ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Matsalarsa biyu. Ta farko, ana jingina sunan ga fiye da wasa ɗaya da ake bugawa da sanda, mai karatu sai ya tsaya tunanin wanne ake nufi. Ta biyu, babu ƙwallo a wasan. Ni dai na fi son "hokin ƙanƙara": gajere ne, yana karɓar ɗafi ba gardama, a ce ɗan hoki, 'yan hoki, ɗakin hoki. A ambaton farko sai a ƙara bayani, wato wasan sanda da ake yi da takalmin zamiya, mutum 6 a kowane ɓangare har da mai tsaron raga.

Kuma don Allah kada a rubuta "dusar ƙanƙara". Dusar ita ce mai saukowa daga sama kamar gari. Abin da ake wasa a kai daskararren ruwa ne mai santsi.

Masanin kayan wasa:
Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci. Filin siminti ne da aka binne bututu a cikinsa, ana zagaya ruwan sanyi mai sinadari a ciki, sannan a riƙa fesa ruwa sama-sama har ya daskare ya kai kaurin kusan inci 1. Tsawon filin ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 85. Dusa tana taruwa ne daga kartar takalma, kuma ita ce abar da ba a so, domin tana rage wa abin bugawa gudu. Shi ya sa bayan kowane zango na minti 20 mota ke shiga ta kankare saman, ta kwashe dusar, ta shimfiɗa ruwan zafi. Wanda ya ce ana wasan a kan dusar ƙanƙara ya kira sharar filin da sunan filin.

Abin bugawar kuwa, wanda suke ce wa "puck", baƙar roba ce mai tauri, zagayayya mai lebur, faɗinta inci 3, kaurinta inci 1, nauyinta gram 156 zuwa 170. Ana ajiye ta a injin daskarewa kafin wasa don kada ta riƙa tsalle. Ban goyi bayan a ari kalmar ba, saboda in harafin farko ya koma "f" a bakin Bahaushe, sautin yana faɗawa kan wani zagi na Turanci, mai karanta labarai a rediyo zai shiga uku. "Faifai" ya wadatar. A ce faifan roba sau ɗaya, daga nan faifai kawai: ya jefa faifai a raga.

Mai tambaya:
Hokin ƙanƙara da faifai sun shiga. Saura uwar tafiyar. Me zai hana a ce "'yan ƙasa da shekara 20" kamar yadda aka saba a ƙwallon ƙafa? Ko "samari"? Wani ma ya ce a rubuta "juniya" a huta.

Mai sharhin wasanni:
"'Yan ƙasa da shekara 20" daidai ne ga gasar duniya ta ƙasashe da ake farawa a ƙarshen Disamba. Ga Generals kuskure ne, saboda doka ta yarda kowace ƙungiya ta sa masu shekara 20 har mutum 3. Kuma da shekarar haihuwa ake lissafi, ba da ranar ba, don haka wanda aka haifa a Janairu yakan cika 21 ana tsakiyar kaka yana kuma bugawa. In ka sa lamba a cikin sunan, tarihin da kansa zai ƙaryata ka a shafi na biyu. Bobby Orr ya shigo Generals a 1962 yana da shekara 14. John Tavares ya shigo a 2005 yana 15. Kalmar da za mu zaɓa dole ta iya ɗaukar wannan duka ba ta yage ba.

Malamar harshe:
"Juniya" kalmar makaranta ce, ba ta tsayuwa sai da siniya a gefenta, kuma tana ɗauke da ma'anar na ƙasa da wani. "Samari" ta dace da shekarun, amma tana jan hankali wajen zance da 'yan mata, sannan ta rufe ƙofa ga mace. Manon Rhéaume ta tsare raga a gasar Kebek ta wannan mataki a 1991. Ba za a ce ta buga hokin samari ba tare da jimlar ta yi tuntuɓe ba.

"Matasa" ce kalmar. Na san za a ce a bakin 'yan siyasa mai shekara 40 ma matashi ne. Amma asalinta daga tashi take, mai tasowa, wanda ya bar yarinta bai kai ga cikar ƙarfi ba. Sai mu sami tsani mai hawa uku da kowa zai gane: hokin yara, hokin matasa, hokin manya. A faɗi shekarun sau ɗaya a sakin layi na farko, shi ke nan.

Masanin tarihin gasar:
Na yarda da matasa, amma akwai tarko a gaba, gara a gan shi tun yanzu. Matakin matasan kansa hawa-hawa ne, kuma sunayen sun sauya. Lokacin da Generals ta ci kofin lardi sau 7 a jere, daga 1938 zuwa 1944, sunan matakin ƙoli "Junior A" ne. A 1970 aka raba shi biyu, na saman ya zama "Major Junior", daga baya sunan "Junior A" ya zauna kan na ƙasansa. Wanda ya fassara harafi da harafi zai sa mai karatu ya zaci ƙungiyar da ta doke Kenora Thistles a 1940 da Trail Smoke Eaters a 1944 ta mataki na biyu ce. Shawarata, a fassara matsayi, kada a fassara lakabi. Generals "matasan sahun gaba" ce a 1939, haka take a 2015. Na ƙasa a ce sahu na biyu, sahu na uku. Sunan gasar kuma a bar shi yadda yake a kowane zamani: OHA (hukumar hoki ta Ontariyo) a shekarun farko, OHL daga 1980.

Sunan ƙungiyar ma kada a taɓa shi. An taɓa ganin masu mayar da irinsa "Janar-janar na Oshawa". Ba daga soja ya fito ba, daga kamfanin motoci na General Motors ne, wanda ya ɗauki nauyinta tun farko, kuma masana'antarsa ce ƙashin bayan garin a lokacin. Inda soja ya shigo tarihin daban ne: Kofin Memorial, wanda aka fara bayarwa a 1919, na tunawa da waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, kuma Red Tilson, ɗan wasan Generals da aka kashe a Yaƙi na Biyu a 1944, sunansa ne a kan kyautar gwarzon ɗan wasan OHL har yau.

Sai shekaru 9 da ƙungiyar ta ɓace. A Satumban 1953 gobara ta cinye ɗakin wasanta, Hambly Arena, ana dab da fara kaka. 'Yan wasa suka watsu zuwa wasu ƙungiyoyi. Kada a rubuta "an dakatar da ita", don dakatarwa hukunci ne, ba wanda ya hukunta ta. "Ta watse" ya fi. A 1962 Wren Blair ya farfaɗo da ita da goyon bayan ƙungiyar NHL ta Boston Bruins, ta yi ta aron ɗakin wasa har aka buɗe Civic Auditorium a 1964.

Mai tambaya:
Allah ya ƙara basira, ranka ya daɗe. To wannan alaƙa da Boston fa? Turanci na cewa "farm team". An rubuta "reshe".

Masanin tarihin gasar:
Reshe yana nufin kamfani ɗaya mai ofis biyu. Abin da ake yi a lokacin shi ne babbar ƙungiya ta zuba kuɗi a ƙungiyar matasa, ita kuma ta mallaki haƙƙin 'yan wasan da ke cikinta. Ta haka Boston ta kama Orr tun yana ɗan 14 daga garin Parry Sound, ya yi kaka 4 a Oshawa, ya kai su wasan ƙarshe na Kofin Memorial a 1966 inda Edmonton Oil Kings ta doke su, sannan ya wuce Boston. "Gidan reno" shi ne hoton: Generals gidan renon Bruins ce. Amma a tsayar da kalmar a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da aka soke tsarin. Eric Lindros, da ya ci kofin 1990 da su a Hamilton, ba renon kowace ƙungiyar NHL ba ne.

Malamar harshe:
Tunda an zo kan reno, akwai 'yar'uwarta. Yawancin yaran nan ba 'yan garin ba ne, ana sauke su a gidajen iyalai, abin da suke kira "billet". Wasu za su ce "mai masauki". Masauki na baƙon kwana uku ne. Wannan kuwa yaro ne ɗan 16 da zai zauna daga kaka zuwa bazara, wani shekara 3 ko 4 a gida ɗaya, ana ciyar da shi, ana lura da lokacin dawowarsa da dare da zuwansa makaranta, ƙungiya na ba gidan ɗan abin cefane duk wata. Hausa ta riga ta san wannan: riƙo. Gidan riƙo, iyayen riƙo, ɗan riƙo. Ba sai an ƙirƙiro komai ba.

Kun lura na ce "yaran nan". A zance ba laifi, uwa ma haka za ta ce. A matsayin sunan mataki ne muka hana.

Mai sharhin wasanni:
Biyu suka rage da tarihin ba zai tsallake ba. "Draft" kada a ce zaɓe kurum, za a zaci ƙuri'a ake kaɗawa. Ƙungiyoyi ne ke ɗaukar sababbin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka ƙare a ƙasan teburi su ke farawa. "Ɗaukar bi-da-bi" ta faɗi aikin gaba ɗaya.

Na biyu, abin da aka ba Tavares, "exceptional status". Doka ta ce sai a shekarar da ka cika 16, hukumar Hockey Canada kan duba ƙwarewar yaro da hankalinsa da karatunsa ta bar shi ya shiga da shekara ɗaya kafin lokaci. Tavares ne na farko a 2005, Connor McDavid ya samu a 2012, Connor Bedard a 2020. "Matsayi na musamman" bai gaya wa kowa komai ba. "Izinin shiga da wuri" ya gaya. Kuma ba a rubuta shi a kan Orr, domin a zamaninsa babu wannan doka. A kakarsa ta biyu Tavares ya jefa faifai 72 a raga, ya wuce 70 da Wayne Gretzky ya kafa wa masu shekara 16.

Masu shekara 20 ɗin nan 3 kuwa, ni "'yan ashirin" nake so.

Malamar harshe:
'Yan ashirin zai iya zama mutum ashirin a kunnen mai sauraro. "'Yan shekarar bankwana" ya fi, tunda bayan ita babu sauran zama.

Mai tambaya:
Na gwada jimlar, a duba min: "Oshawa Generals ƙungiyar hokin ƙanƙara ce ta matasan sahun gaba a lardin Ontariyo na Kanada, mai 'yan wasa daga shekara 16 zuwa 20. A 2015 ta ɗauki Kofin Memorial karo na 5 a birnin Kebek, bayan ta doke Kelowna Rockets da ci 2 da 1 a ƙarin lokaci."

Masanin kayan wasa:
Ta zauna, sai gyara ɗaya. Mai karatu ya san ƙarin lokaci na ƙwallon ƙafa, inda ake buga minti 30 cif ko an ci ko ba a ci ba. A nan faifai na shiga raga wasa ya ƙare nan take. A rubuta "a ƙarin lokaci na wanda ya fara ci". Kuma a sa sunan Anthony Cirelli, don shi ya jefa duka biyun.