Shin tikitin shiga ya wadatar ba tare da daidaita asusu ba?

Injiniya: Assalamu alaikum. Tunda rassanmu na Sakkwato, Tambuwal da Gwadabawa sun amince da cibiyar tantancewa guda, ban ga dalilin ci gaba da kwafe asusun ma'aikata daga wannan saba (kwamfutar da ke riƙe da bayanan reshe) zuwa waccan ba. Cibiyar za ta ba mutum tikitin JWT, wato shaidar shiga ta kwamfuta mai ɗauke da sa hannunta na lantarki, kowace saba kuma ta tantance shi da mabuɗin da cibiyar ta bayyana, ba tare da ta ga kalmar sirrinsa ba. Haka OpenID Connect na 2014, tsarin tantance mai shiga, yake aiki, bisa tushen OAuth 2.0 na 2012, tsarin ba da izini.

Malama: Wa alaikumus salam. Injiniya, sa hannu yana tabbatar da wanda ya ba da tikitin ne, ba ya nuna cewa mai riƙe da shi yana nan a bakin aiki. Idan aka sallami ma'aikaci da hantsi aka rufe asusunsa a Sakkwato, tikitin da ke hannunsa zai ci gaba da shigar da shi sabar Tambuwal har wa'adinsa ya cika, domin ita ba ta tambayar kowa. Amfanin SCIM 2.0 na 2015 ke nan, wato isar da labarin buɗe asusu da rufe shi ga kowace saba.

Injiniya: Sai a rage wa'adin zuwa 'yan mintuna, Malama. In ya dawo neman sabuntawa, cibiyar ta hana shi.

Dattijon sashe: Injiniya, ka toshe wata kafa ka buɗe wata. Gajeren wa'adi yana tilasta komawa cibiya a kai a kai, kuma duk wanda ya yi aiki a rassan nan ya san yadda intanet ke yankewa, don haka ma'aikacin kirki ne zai fara shan wahala. Sannan akwai agogo: Kerberos, wata hanyar tantancewa da ita ma ke amfani da tikiti, a tsarinsa na asali yana jure bambancin minti 5 ne kawai tsakanin agogon kwamfutoci, kuma sabar da wuta ta ɗauke mata, batirin agogonta ya mutu, za ta iya ƙin tikiti mai kyau kafin NTP, tsarin daidaita agogon kwamfutoci ta intanet, ya gyara mata lokaci.

Injiniya: Ranka ya daɗe, na yarda da batun agogo, amma kwafe kalmomin sirri zuwa wuri uku ƙara wa ɓarawo ƙofofi ne.

Malama: Babu wanda ya ce a kwafe kalmar sirri. Suna, matsayi da ko asusun yana aiki kaɗai nake so su isa rassan, kuma har yanzu ba ka faɗi wanda zai cire izinin da sabar Gwadabawa ta ajiye da sunan wanda aka sallama ba.