50mm ko 85mm: wane gilashin kyamara ne na hoton fuska ga mai ƙaramin ƙarfi a Legas?

Hauwa (Idi-Araba): Assalamu alaikum 'yan uwa. Allah Ya hore mini kyamarar Canon 6D ta hannu, kuma kuɗin da ya rage ba zai wuce na gilashi ɗaya ba. Aikina yawanci na cikin gida ne: kamu, sa lalle, suna, sai hoton amarya ita kaɗai. Wanne zan saya da zai fitar da fuska tas, bayanta kuma ya narke?

Malam Auwalu (Agege): Wa alaikumus salam. Allah Ya sa albarka, ƙanwata. Ki nemi Canon 85mm f/1.8 USM, magana ta ƙare (lambar f ita ce ma'aunin buɗewar ƙofar haske, ƙaramar lamba buɗewa mai faɗi). Tun 1992 aka fitar da shi, har gobe ana cin abinci da shi, nauyinsa giram 425 ne kacal, ga saurin kama ido. Bari in faɗa a gaban kowa: a kan kyamara mai cikakkiyar sensa irin 6D ɗinki, wato mai babban farantin ɗaukar hoto, 50mm ba gilashin hoton fuska ba ne. Duk wanda ke ɗaukar fuskar amarya da shi maleji yake yi.

Nura (Mile 12): Malam, da girmanka, ban yarda ba. Hauwa ta ce cikin gida take aiki. Ka san ɗakunan haya na Legas. Idan kana so ka ɗauki mace a tsaye, daga ɗaurin kai har takalmi, da 85 sai ka ja da baya wajen mita biyar, ko da ka tsayar da kyamarar. Da 50 kuwa mita uku ma ya ishe ka. Ɗaki nawa ne a Idi-Araba ke da fili mita biyar bayan an sa gado da durowa? Ga shi 50mm f/1.8 STM dala 125 aka sa masa da ya fito a 2015, kuɗin 85 ɗaya zai sayi wajen uku.

Malam Auwalu: Araha ba ta ado, Nura. Ɗauki fuska da 50 ka ga yadda hanci ke kumbura, kunnuwa su gudu baya. Amaryar da aka kwana ana yi mata kwalliya ba za ta yafe maka ba.

Sadiƙu (Obalende): Malam, ba gilashin ke kumbura hanci ba, kusanci ne. In ka tsaya wuri ɗaya, ka ɗauka da 50, ka sake ɗauka da 85, sannan ka yanke hoton 50 ɗin ya zama daidai da ɗayan, kamannin fuskar iri ɗaya za ka gani. Hanci ya fi kunne kusa da kai da 'yan santimita. Idan kana nesa wannan tazarar ba komai ba ce, idan kana dab da mutum sai ta yi girma. Nan kaɗai matsalar take.

Malam Auwalu: Ai ka taimake ni ne, Sadiƙu. Me ke sa mutum ya matso? Gilashin! In kana so kai da kafaɗu su cika hoto, 50 zai kawo ka ƙasa da mita ɗaya, 85 kuwa ya bar ka wajen mita ɗaya da rabi. In kuma ka ce za ka tsaya nesa ka yanke, 6D megafiksel 20 gare ta. Ka yanke 50 ya koma 85, abin da zai rage maka bai fi 7 ba. Ya isa waya, amma ranar da uwar amarya ta ce a wanke mata babba na jikin bango, sai ido ya raina fata. Sannan akwai kunya. Amaryarmu ba ta sakin jiki idan kyamara na bakin hancinta. Ka ba ta tazara ka ga yadda fuska ke sakewa.

Anti Bilki (Agege): Malam Auwalu, ku maza a waje kuke tsayawa, wajen ɗaurin aure da ɗakin taro. Mu ne muke shiga ciki. Ranar kamu ɗaki cike yake maƙil, ƙawaye a kan gado, gwaggwanni a ƙasa, yara na shige da fice. Ka ja da baya taku biyu, kafin ka danna wata ta gifta tsakaninka da amarya. Tazarar da kake yabo ita ce ke cika da mutane.

Kuma akwai abin da ba wanda ya ambata, lalle. Rabin abin da ake biyanmu saboda hannu da ƙafa ne, da zobe da awarwaro. 85 ɗin nan ba ya kama abu sai ka nisanta santimita 85. 50 STM yana kamawa tun daga santimita 35, zanen ya fi fitowa babba. Mai lalle ma za ta roƙe ki hoton don ta tallata aikinta, daga nan wani aikin ke zuwa.

Malam Auwalu: Hajiya, wannan hoton taro kike magana. Ita ta ce fuska, ta ce baya ya narke. A nan ba a haɗa su. Raba 85 da 1.8, ƙofar hasken ta kai milimita 47. Raba 50 da 1.8, ba ta fi 28 ba. Idan girman mutum a hoto ɗaya ne, mai faffaɗar ƙofa shi ya fi narkar da abin da ke can nesa. Lamba ɗaya ce a jikinsu, aikin ba ɗaya ba.

Anti Bilki: Abin da ke can nesa, ka faɗa da bakinka. A ɗaki bango na jingine da bayan amarya. Ko wanne ka ɗaura, labulen nan zai fito. Dabarar ita ce ka janyo ta daga bango, ka zaunar da ita bakin taga ko bakin ƙofa, hasken ya zo mata ta gefe.

Kabiru (Ojo): Ni fa ina ganin duk kuna zagaye ne. In za a yi, a yi mai kyau. Ta ƙara haƙuri ta tara, ta sayi Sigma 85mm f/1.4 Art, ko na hannu ne. Wanda ya ga hotonsa ba ya sake kallon 1.8.

Sadiƙu: Kabiru, ka taɓa wuni da shi a wuya? Kilo ɗaya da giram 130 ne, ban da kyamara. Daga kamu da la'asar zuwa dina da dare, wuyan hannu zai gaya maka. Kuma hasken da 1.4 ya fi 1.8 da shi bai kai ninki biyu ba, kashi biyu cikin uku ne na mataki ɗaya. A 6D ka ɗan ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ka cike wannan giɓin, ita da aka san ta da juriya a duhu.

Kabiru: Ba haske kaɗai ba ne. Kaifinsa a buɗe ya fi na Canon ɗin nesa ba kusa ba. Na Canon na 1992 ne, Sigma na 2016, ba zamani ɗaya ba ne.

Sadiƙu: Wannan gaskiya ne, ba na musu. Amma ta ce abin da ke hannunta kenan. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga yadda kayan kyamara suka tashi, don da dala ake shigo da su. Watannin da za ta yi tana tari, bukukuwan ba za su jira ta ba.

Baba Ɗanladi (Ebute Metta): Yarana, ina ta karatu ban sa baki ba. Zamanin fim, kyamara da 50 take zuwa, da shi muka ɗauki aure da suna da hoton fasfo, ba wanda ya dawo mana da hoto don hanci. Amma ba wannan ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda kowa ke son ya buɗe gilashi har ƙarshe.

Ku lissafa. Da 85 a f/1.8, mutum na mita biyu da kai, abin da zai fito da kaifi bai wuce santimita 6 ba daga gaba zuwa baya. A f/1.4 bai kai 5 ba. Amarya ta ɗan karkata kai, ido ɗaya ya fito, ɗaya ya dushe. Ɗan kunne ya tafi, ɗaurin da aka ɓata lokaci ana naɗawa ya tafi. Mutanenmu kuma kayansu suke so a gani. Leshin nan da kuɗi aka saye shi, sarƙar nan wataƙila ta gado ce. Ka kawo hoton da ido kaɗai ya fito, uwar amarya za ta ce kyamararka ba ta da kyau. In mutum biyu ne ko uku, ka rufe zuwa f/4 ko f/5.6, ka sa filashi ya daki silin ya dawo. To wanda zai wuni a 2.8 da 4, me zai kai shi biyan kuɗin 1.4?

Malam Auwalu: Allah Ya ƙara girma, Baba. A kan 1.4 muna tare. Ni ma 85 ɗina a 2.2 zuwa 2.8 nake barinsa, don a buɗe yakan sa wani shuɗi-shuɗi mai ja a gefen abu mai ƙyalli, kamar farin leshi ko dutsen sarƙa a rana. Da ka ɗan rufe sai ya ragu. Amma ko a 2.8 ɗin, fuskar 85 daban take.

Baba Ɗanladi: Daban take a fili, Auwalu. A ɗaki kuwa gilashin da ya ba ka damar ɗaukar hoton shi ne mai kyau.

Nura: Akwai kuma maganar 6D kanta. Wuraren kama ido 11 gare ta, na tsakiya ne kaɗai abin dogaro a duhu. Yawancinmu da shi muke kamawa sannan mu karkatar da kyamara mu gyara tsari. Da santimita 6 ɗin da Baba ya faɗa, wannan 'yar karkatawar kaɗai ta isa ta kai kaifin kan kunne. Da 50 daga wannan tazarar kana da sarari kusan ninki uku. Ga kuma rawar hannu: dukansu ba su da abin hana girgiza, 85 yana so saurin ɗauka ya tsaya 1/100 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri, 50 yana haƙuri da 1/60.

Sadiƙu: Shi ya sa na koma kyamarar Sony A7 III, ita ke bin ido da kanta, gilashinta FE 85mm f/1.8 kuma giram 371 ne. Amma kar wannan ya ruɗe ki, Hauwa. Gilashin EF, irin wanda 6D ke ɗauka, ba asara ba ne, ko nan gaba kin koma Canon marar madubi, da adafta zai ci gaba da aiki.

Hauwa: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Abin da ban faɗa ba, kafin 6D da 600D ta yayana nake aiki, kuma 50 ne a kanta. Yadda take fitar da fuska yana burge ni. Gilashin nasa ne, ya karɓi abinsa.

Malam Auwalu: Alhamdu lillahi! Kun ji ko? 600D ƙaramar sensa ce, ana ninkawa da 1.6. Wato 50 a kanta 80 ne. Hoton da take so, wanda idonta ya saba da shi, hoton 85 ne a kan 6D. In ta ɗaura 50 yanzu za ta ga komai ya buɗe, ta ce ba haka ta sani ba.

Hauwa: Haka ne Malam. Sai dai kuma kullum bayana a jikin bango yake, wani lokaci daga tsakar gida nake ɗauka ta ƙofa. Hoton amarya da ƙawayenta kuwa sai dai in ciro waya. Dalilin da ya sa na nemi babbar sensa kenan.

Anti Bilki: To kin ba kanki amsa, 'yar uwa. Ki sayi 50 yanzu, canjin ki sayi filashi mai juya kai da batir na biyu. Aiki biyu uku masu kyau, 85 zai zo da kansa.

Malam Auwalu: Ni dai ina nan a kan bakana. Hoton da ake sawa a firem, wanda ake ɗorawa a Instagram har wata ta tambayi wa ya ɗauka, na amarya ne ita kaɗai. Shi ke kawo ciniki. A fitar da ita tsakar gida minti goma kafin rana ta faɗi, a ɗauke ta da 85, sauran a yi da duk abin da ya samu.

Anti Bilki: Malam, amarya ranar kamu a lulluɓe take, tsofaffi na tsaron ƙofa. Ba kowane gida ne zai bari a fito da ita tsakar gidan haya, maƙwabta na kallo, don a yi hoto ba.

Kabiru: Ko wanne za ki saya, in na hannu ne, a kasuwar Computer Village ko ta Alaba ko cikin Eko, kar ki biya sai kin ɗaura a kan kyamararki. Ki haska fitilar waya ta baya ki leƙa ta gaba. In kin ga zare-zare kamar saƙar gizo, funfuna ce, ki ajiye musu. Danshin Legas ba ya barin gilashin da aka kulle a jaka. Na taɓa sayen wani a wani shago, waje fes, ciki ya fara ci, kuma suka ƙi karɓa.

Baba Ɗanladi: Ki kuma gwada kamun. Ki jera abu uku a kan tebur, ɗaya gaba ɗaya baya, ki kama na tsakiya a buɗe, ki duba ko shi ne ya fito. In yana zamewa kaɗan, 6D tana da wurin gyara wannan a cikin saitinta. In ya yi yawa, ki bar shi. A gida kuma ki samu roba mai murfi ki zuba silika mai shanye danshi, kar ki bar shi cikin jaka da damina.

Nura: 50 STM kam gara ki saye shi sabo a kwali, bambancin kuɗin bai kai abin da za a yi kasada ba. Ki dai tabbata STM ne mai gindin ƙarfe, ba tsohon II mai gindin roba ba.

Hauwa: Ina da kamu ranar Asabar a Mushin. Yaya Nura, in ba damuwa ka ara mini 50 ɗinka. Malam, in za ka yarda da 85 ɗin na wuni ɗaya, sai in ɗauka da duka biyun in turo muku ku gani.

Malam Auwalu: Ki turo yaro Agege ranar Juma'a bayan masallaci. Sharaɗina ɗaya, hoton amarya ita kaɗai ki yi shi da kowanne a f/2.8, ki cika hoton da kai da kafaɗu, kuma kar ki gaya mana wanne ne wanne sai mun zaɓa.

Nura: Na yarda, amma a haɗa da na lalle da na ƙawaye a cikin ɗaki. Zan kawo miki nawa Idi-Araba da kaina gobe in sha Allah.