Ina ake sayayya mai sauƙi a birnin Tallinn?

Ɗalibi Sabo:
Assalamu alaikum. Na samu gurbin karatu a Tallinn, babban birnin Estoniya, kuma ina roƙon waɗanda suka riga ni zuwa su nuna mini inda zan riƙa sayen kayan miya da tufafin sanyi ba tare da aljihuna ya koka ba.

Malam Na Tartu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara da kasuwar Balti Jaama Turg da ke jikin tashar jirgin ƙasa, wadda aka sake buɗewa a 2017 bayan an yi mata gyara. Akwai kayan lambu, kifi da gwanjo, kuma a gwanjon nan na sayi rigar sanyin da nake sawa har yau. Sai dai ciniki irin na Kasuwar Kurmi ba al'adarsu ba ce. Kuɗin da aka rubuta shi za ka biya da Yuro. Kayan abinci na yau da kullum kuwa, a ganina manyan kantunan Maxima da Lidl sun fi sauƙi.

Hajiya Uwar Biyu:
Ɗana, ka haddace kalmar sealiha, domin ita ce naman alade da harshensu, kuma yana ɓuya a cikin tsiran gwangwani da na leda, har ma da waɗanda aka zana wa hoton kaza. Game da naman halal, ka tambayi 'yan'uwa a cibiyar Musulunci da ke unguwar Ülemiste, kusa da babban rukunin kantuna mai wannan suna. Kada kuma ka zubar da kwalaben lemo, domin na'urar da ke cikin kanti tana mayar maka da santi 10 a kan kowace.